Uku-uku Zuwa Jifa

Laima da jakunkuna nake sayarwa a unguwar Rusaifa da ke Makka, ban taɓa riƙe bindiga ba. Ɗan abin da na sani game da soja, a kan farantin dabino na koye shi.

Wanda nake sarin kaya a hannunsa Basine ne Musulmi, Larabcinsa ya fi nawa tsabta. Shekarar da ya kawo mahaifinsa aikin Hajji na gayyace su cin rana a gidana kafin a fita Mina. Tsohon gajere ne, marar yawan magana, bayansa a miƙe kamar an ɗaura masa katako. Ɗan ya ce da kakin soja uban ya yi ƙuruciya, da shi ya yi furfura.

A shekarar ce Gwaggona ta zo daga Kano cikin ayarin 'yan unguwarsu, yawancinsu mata tsofaffi. Ita kaɗai ta rage a ɗakin su mahaifina. Idonta ya yi rauni, ƙafarta kuwa garau, kuma nan hatsarin yake. Na yanki izinin Hajji saboda ita, na yi wa 'ya'yanta alkawarin zan kai ta jifa in dawo da ita. Da 'yan ayarin suka ji ni ɗan gari ne, duk suka ce bayana za su bi. Na san abin da zafin Mina ke yi wa tsohuwar da ta ɓace.

Na sha ganin alhazan Sin suna tafiya a jere cikin riguna iri ɗaya, ba mai ihu, ba mai neman wani. Sai na tambayi tsohon, ɗansa yana fassara, yadda ake tafiyar da dubban mutane ba a zubar da kowa ba.

Ya jawo farantin. Ya ware dabino uku, ya ce wannan ne ƙasan komai: soja uku, ɗaya yana duba biyu. Ya jera irinsu gida uku, ya zagaye su da yatsa. A zamaninsu, in ji shi, haka abin yake hawa, kamfani uku bataliya, bataliya uku mataki na gaba, har a kai babbar rundunar da in ta tashi ƙurarta kan rufe gari. Ɗan ya ce yanzu an sauya tsarin manyan rundunonin. Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya ce janar bai san sunan kurtu ba kuma ba ya bukata. Mutum uku yake tambaya, su ma su tambayi uku.

"In an yanke uku daga jama'a fa?" na ce.

"Ba sa bin kowa da gudu. Su koma gefe su tsaya. Mai tsayuwa ake samu."

Na yi shekaru ina juya ma'aikata da kwantenoni, ban taɓa jin magana mai sauƙi da amfani irin wannan ba.

A tantinmu na Mina na raba mutane uku-uku, na ba kowane shugaba koriyar laima daga shagona, ni na riƙe ja. Matsalar farko Gwaggo ce. Na sa ta ƙarƙashin wata mata mai ƙarfi wadda a haife Gwaggo ta haife ta.

"Kai ɗan Makka," ta ce, "ni zan bi bayan wadda na yi wa wankan jego? Sojan naka bai san manya ba?"

"Gwaggo, don idonki ne."

"Idona ya ga ubanka ba wando."

Matan suka kwashe da dariya. Na san ciniki idan ya ƙi, sai na juya shi. Na miƙa mata laimar, na ce ita ce shugaba, waɗannan biyun amana ce a hannunta. Ta karɓa kamar an ba ta tuta.

Mun yi jifa lafiya bayan azahar. A hanyar dawowa abin ya faru, kuma abin da tsohon bai lissafa da shi ba ne, domin bai san mu ba: Bahaushe ba ya wuce gaisuwa. Wata tsohuwa daga ayarin 'yan Nijar ta gane Gwaggo, maƙwabciyarta ce da aure ya kai Damagaram tun suna 'yan mata. Gwaggo ta ja birki a tsakiyar hanya, ina gida, ina yara, wa ya rasu, wa ya rage. Mutane suka ci gaba da kwarara, mu ma muka tafi da su.

Da na waiwaya a bakin wata gada na ga kamar ayarin ya ragu, amma ban tsaya ƙirga kawuna ba. Na tambayi ukuna, suka tambayi nasu, nan take amsa ta dawo: su Gwaggo ne babu, su ukun duka. Na tsayar da ayarin a inuwa, na koma ta gefen bango ina kallon sama.

Can na hango koriyar laima ana buɗe ta ana rufewa. Suna jikin bango a tsaye. Gwaggo ta damƙe bakin hijabin matan nan biyu a hannu ɗaya, ƙawarta na riƙe da gefen zanenta, ita ma ashe nata ayarin ya wuce ya bar ta. Hirar ko yankewa ba ta yi ba.

"Gwaggo, kin tsorata ni."

"Da me? Ka ce a koma gefe a tsaya, mun tsaya. Ku ne kuka ɓace."

Muka kai ƙawar har tantinsu, sannan na kira Kano na ce a kwantar da hankali.

Bayan an sauko Makka tsohon ya zo shago yin sallama, na ba shi labari. Ya saurari ɗansa har ƙarshe, sannan na ga haƙoransa a karon farko. Ya ce wanda ya fita da uku ya dawo da huɗu, a wurinsu ƙarin girma ake yi masa. Na gaya wa Gwaggo, ta ce to a bar mata laimar. Da ita ta hau jirgi.