Yini Biyu da Isuhu Ya Rufe Rijiyar Kaka

A watan nan ƙanena Isuhu yake cika shekara tara a makwancinsa. Ni ce babba, ni na goye shi, ni na share masa majina, amma shi ya riga ni tafiya, don mutuwa ba ta bin jerin haihuwa. Duk shekara nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana kam bakina ya ƙi rufuwa, saboda wani abu da ya faru a ƙauyenmu da bazarar da ta wuce.

Mutanen Dakoro sun san shi da Injiniya, amma kaɗan ne suka san injiniyan me. In ya zo hutu, wani ya turo masa babur ya gyara, wani ya tambaye shi ko man fetur zai sauko. Ainihin aikinsa shi ne tsofaffin rijiyoyin mai. Idan filin mai ya yi shekaru ana zuƙarsa har abin da yake bayarwa ya ja baya, masu shi suka fara tunanin kwashe kaya, sai su kira Isuhu ya duba musu ko da saura. Ya yi wannan a ƙasashen Larabawa, ya yi a bakin teku, wuraren da ban taɓa gani ba sai a hoto.

Innarmu ta rasu ba ta taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko, amma ta fi ni fahimtar aikin. Wata rana tana matsar man gyaɗa, ya zauna kusa da ita. Man ya daina fita, ta yayyafa ruwan zafi a kan tunkuzar, ta ci gaba da murzawa, sai ga shi ya sake tsattsafowa.

"Inna, aikinki nike yi," in ji shi. "Mai cikin dutsi yake, kamar yadda yake cikin gujiya. In ya ƙiya hita, mu ma ruwa muke tura mashi."

Inna ta dube shi ta ce, "To, wanga abu ka tahi har bayan teku ka koyo?"

Ya yi dariya har da hawaye. Haka yake, ba ya jin zafin a taɓa shi.

Ƙauyenmu ƴar tunga ce kusa da Birnin Lalle, kuma rijiya ɗaya ce ta riƙe ta, wadda kakanmu ya haƙa. Rijiyoyinmu suna da zurfin da hannu ba ya iya ja, sai a ɗaura igiyar wasaki, babban gugan fata, a jikin sa, wato bijimi, ya yi ta tafiya har wasakin ya fito. A zamanin Kaka, san yakan tsaya daidai gindin wata aduwa. Kowa ya tashi ya ga haka. To, a wata shekara sa ya fara wuce aduwar, yana ƙara nisa, wasaki kuma yana fitowa da rabin laka. Magidanta suka zauna suka yanke cewa ruwa ya gudu. Wasu za su koma wajen Kornaka, Fulanin da muke sha tare za su yi arewa. Inna ta ce ita ba inda za ta je ta bar kabarin mijinta, ko da tsofaffi biyu ne za su rage a tungar.

Ana cikin haka Isuhu ya iso. Bai ce rijiya ta mutu ba, bai ce tana da rai ba. Ya ce a wurin aikinsu ba a yanke wa rijiya hukunci tana cikin wahala. Rufe ta ake yi, a bar ta ta huta, a ga inda za ta komo da kanta. Saboda haka yana roƙon a daina ja yini biyu.

Wanda bai san bazarar Dakoro ba, ba zai gane girman wannan magana ba. Ka ce wa makiyayi ya tsaya da garkensa a bakin rijiya kada ya jefa guga! Arɗo Jibo, shugaban Fulanin, ya miƙe da sandarsa ya fuskanci Isuhu, wanda yake kira Ɗan Hajiya saboda Innarmu.

"Ɗan Hajiya, karatu ya taɓa ka? Shanu sun san hutu?"

"Baba Arɗo, ka ba ni yini biyu. In na yi ƙarya, ni da kaina zan kama maku kaya."

Ni ma na ja shi gefe na ce kada ya zubar mana da mutunci. Ya ce, "Yaya, in mutum ya ce zai haɗiye gatari, ai ƙota ake riƙe mashi." Na riƙe masa.

Ya nemo amalanke aka yi ta jigilar ruwa daga wata rijiya mai nisa. Bai wadatar ba. Shanu suna kuka, mata suna habaici, shi kuwa yana zaune a bakin rijiyar cikin rana, yana zura igiya lokaci lokaci yana duba inda ta jiƙe. Da aka cika wa'adi, gari duka ya taru. Aka jefa wasaki, aka kora sa. Ba mai kallon rijiyar, kowa idonsa yana kan ƙafafun san. Ya tafi, ya tafi, ya iso gindin aduwa, sai ga wasaki a baki cike da ruwa. Inna ta rangaɗa guɗa tana kuka.

Isuhu ya bayyana mana cewa ruwan yana nan inda Kaka ya bar shi. Laka da yashi ne suka toshe hanyar da yake ɓuɓɓugowa, shi ya sa ba ya cim ma masu ja. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan. Aka kira masu yasar rijiya suka kwashe ƙasan, aka sake mata zoben siminti. Ba wanda ya tashi. Inna ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta, tana kwance yanzu kusa da mijinta, kuma wannan kaɗai ya ishe ni gode wa ƙanena har in mutu.

Yau ƙasarmu ma tana fitar da mai, har ana tura shi ta bututu zuwa teku. Isuhu ya ƙare ƙarfinsa a filayen wasu yana begen na gida, bai ga wannan bututun ba. Nakan tambayi kaina me zai ce. Na san zai yi murna, don ba ya ɓoye son ƙasarsa. Na kuma san ba zai bar mu mu gama murnar ba sai ya ce kowace sabuwar rijiya tsohuwa ce gobe. Zai tambaya ko akwai ƴaƴanmu da ake koya wa jinyar filin in ya tsufa, ko kuwa sai ranar ta zo mu fara neman baƙo. Zai ce wanda ya zuƙe rijiya da gaggawa shi yake toshe ta. Ni tsohuwar malamar lakwal ce, ban san ko masu abin suna tunanin haka ba. Ina fata suna yi.

A tungarmu kuma an kawo famfo mai aiki da hasken rana, mata suka huta, muka gode Allah. Samari suka ce a cike tsohuwar rijiya tunda akuya ta taɓa faɗawa. Na tashi daga Dakoro takanas na je na ce a yi mata murfin ƙarfe dai, da tsohuwar zuma ake magani. Suka yi don kunyata, suna ce mini Hajiya mai rijiya a bayan idona.

Da bazarar da ta wuce injin famfon ya lalace, mai gyara kuma ya ce sai an aiko da kayan daga Maradi. Aka ɗage murfin da ya yi tsatsa. Yaran yanzu ba su ma iya ɗaura igiyar ba, sai da dattawa suka nuna musu. Arɗo Jibo ya tsufa, idanunsa sun tafi, amma ya ce a kai shi bakin rijiyar.

Takardun shaidar Isuhu suna cikin akwatina, gara ta fara lasar gefensu. Kamfanonin da ya ceto wa filaye ban san ko suna tuna sunansa ba, ban kuma damu ba. Allah ya jiƙan ka, ƙanena, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu.

Da aka kora san, Arɗo ya karkata kunne yana sauraron igiya. Ta yi shiru. Ya ce, "Ina ya tsaya?"

Aka ce masa, "Gindin aduwa, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗan Hajiya bai yi ƙarya ba."