Amanar da Na Kai Salisbury

Asabar, daga Largo

Ana idar da sallar asuba na tayar da motar haya mai kujeru goma sha biyu a ƙofar gidana a Largo. Ni ne kocin besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da gora, na yaran unguwarmu, 'yan ƙasa da shekara sha biyu. Kada ku ɗauka iyawa ce ta kai ni. Ɗana Faruk na raka filin wasa, aka nemi uban da zai riƙe jaka, daga riƙon jaka na wayi gari da hular koci a kaina. Bana muka yi gamo da katar, muka kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale, aka tura mu Salisbury, tafiyar mil ɗari da 'yan kai.

Na ƙarshen ɗauka shi ne Mubarak a Mitchellville. Bara ya zo daga Zariya, kuma duk ƙungiyar babu wanda ya kai shi iya jifa, don haka mako guda muna tattalin hannunsa saboda wasan Lahadi. Mahaifiyarsa nas ce, tana da aiki kwana biyun nan. Ta fito da kayan asibiti a jikinta, ta leƙo ta taga.

"Baban Faruk, ga amana nan. Shi kaɗai gare ni a ƙasar nan."

Na ce Allah ya ba ni ikon riƙewa, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Gadar Chesapeake

Babu shingen 'yan sanda a hanyar nan, kyamara ce ke karɓar kuɗin gada ba tare da ta gaishe ka ba. Gadar kuwa mil huɗu ce a kan ruwa, ga tsawo ga ƙunci. Yara na ihu suna nuna jiragen ruwa, ni ina ƙanƙame da sitiyari ina jan duk addu'ar da na sani. Mataimakina Marcus, baƙar fata ɗan ƙasa, yana biye da mu a tasa motar da sauran yaran da iyaye biyu.

A Easton muka tsaya karin kumallo. Yaran da aka haifa a nan ba sa ɓoye komai: wannan kujera ta matse shi, wancan burodinsa ya ƙone. Na tambayi Mubarak ko ya ƙoshi, ya sunkuyar da kai ya ce lafiya lau, alhali rabin nasa ya ba wani.

Salisbury, filin wasa

Wasan safe muka ci shi ba wahala. Na yamma ne ya zo da magana. Mubarak na tsaye da gora zai buga, mai jifar abokan karawarmu ya saki ƙwallo ta kuɓuce masa, ta sami yaron a bayan kunne, daidai bakin hular kwano. Ƙarar har yanzu tana kunnena. Ya faɗi, kafin in isa ya miƙe yana kaɗe wando.

Alƙalin wasa ya tambaye shi sunansa da ranar da ake ciki, ya amsa daidai. Marcus ya tambaye shi ko wani wuri na ciwo, ya ce babu. Marcus ya juyo yana murna, wai yaron da bakinsa ya ce ƙalau yake. Ni kuwa ban yarda ba. Na san gidan da aka yi wannan tarbiyya, irinsa ne ya haife ni. Ɗan Bahaushe ko ƙafarsa ce ta karye, babba ya tambaye shi, lafiya lau zai ce. Na zaunar da shi a benci. Marcus ya yi ta ƙunƙuni, muka ci wasan da ƙyar da jiɓin goshi.

Masauki

Otal ɗin mai sauƙin kuɗi ne a bakin titi, yara huɗu a ɗaki. Na sa wa Mubarak ido kamar mai gadin tukunya. Ya ci shinkafa kaɗan, ya yi dariya inda aka yi, har ya tambaye ni ƙarfe nawa zai fara ɗumama hannu gobe. Na fara zargin kaina da tsoron banza.

Da magariba na ja yaran Musulmi uku sallah a ɗakina. Muna tasowa daga sujada a raka'a ta biyu na ji wani abu ya bugi gado a bayana. Allah ya yafe mini, ban taɓa sallah da sauri irin wannan ba. Ina sallamewa na sami Mubarak zaune ya jingina da katifa, ya ce santsin darduma ne. Faruk ne ya fashe da kuka, ya gaya mini da Turanci cewa Mubarak ya yi amai sau biyu a banɗaki, ya roƙe su kada a faɗa, wai kada a ɗaga mini hankali.

Asibiti

Minti goma ne tsakani, amma ban san yadda na tuƙa ba. Likitar ta tambaye shi ina ke ciwo, ya dube ni, ya ce babu. Nan na gane ni ne katangar. Na durƙusa gabansa.

"Mubarak, wannan ba gaisuwa ba ce. Zan fita. Duk abin da ka ɓoye mata, ni ka cuta."

Suka wuce da shi hoton kai, na tsaya a baranda na kira mahaifiyarsa. Ni da na gama yi wa yaro faɗa, sai ga ni ina ta ya aiki, ya gajiya, ina kewaye-kewaye.

"Baban Faruk, ba ka taɓa kirana ina bakin aiki ba. Me ya same shi?"

Na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ta jero mini tambayoyi irin nasu na asibiti. Ta ce kada in kashe wayar. Haka muka riƙe waya, ita a can ni a nan, har likita ta fito. Babu jini a ciki, amma ƙwaƙwalwa ta girgiza. Ba wasa, ba waya, ba guje-guje sai likitansa ya yarda. Likitar ta ce da ya fita fili gobe ya sake buguwa, da labari ya sha bamban.

Lahadi, komawa

Da safe na damƙa wa Marcus babbar mota da ƙungiyar, har da Faruk, na karɓi tasa. Bai yi gardama ba, idonsa ja kamar bai runtsa ba. Na kwantar wa Mubarak da kujera na rufa masa hula a fuska saboda haske. Duk mil biyar sai na kira sunansa in ji ya amsa. A Cambridge ya ba ni haƙuri, wai ya ɓata mana gasa. Gadar ma ban lura da ita ba sai da muka sauka. Muna wuce Annapolis saƙon Marcus ya shigo, an fitar da mu daga gasar.

Mitchellville

Tana tsaye a bakin ƙofa, ta nemi wata ta riƙe mata aikin. Ya fito a hankali, ya rusuna zai gaishe ta yadda aka koya masa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta hana shi, ba ta tambaye shi komai ba. Sai shi da kansa ya buɗe baki.

"Umma, kaina. Tun jiya kamar zai tsage."

Ya yi kuka irin na yaro ɗan shekara sha ɗaya, ni kuma na juya ina duba tayar motar da ba tawa ba. Na gode wa Allah da ya dawo da mu, na gode wa Marcus da likitar da ko sunanta ban tambaya ba. Na isa Largo da azahar, na daɗe a mota kafin in shiga gida.