Majanyi Mai Ratsin Ja

Shekarar da aka kai ni Kibiya daga gidanmu na Rano, na tarar uwar mijina tana noma auduga a bayan gida, 'yan kunyoyi a tsakanin wake da kuɓewa. Inna muke ce mata. Ba ta sa takin zamani. Bayan girbi wani maƙwabcinmu Bafillatani yakan kwantar da shanunsa a wurin su bar mata taki, ita kuma ta ba shi anguryar da ta rage bayan ta ware iri.

Da cikina ya fito, mijina ya sayo mini majanyi na roba a kasuwa, sai sheƙi yake yi. Inna ta murza shi da yatsu, ta ajiye.

"Yana da kyau," in ji ta, "amma in bazara ta zo dafa mini jika zai yi. Gobe ki zo ki taya ni tsinkar auduga."

Ban taɓa riƙe mazari ba. Ita ta gurje audugar, ta shiɓe ta har ta yi laushi kamar kumfa, sannan ta shafa mini alli a yatsu ta ce bismilla. Zarena na farko nan kauri, nan siriri, ga yawan tsinkewa. Ta yi dariya har da hawaye.

"'Yar nan, igiyar ɗaure akuya kike kaɗa mana?"

Ni ma na tuntsire. Kafin sanyi ya wuce hannuna ya faɗa.

Wata rana na ce mata da ma a sami ja a jikin majanyin da za a saƙa da zaren, fari zalla ya yi mini shiru. Ina da wata tsohuwar jar suwaita tun ta makaranta, gwiwar hannunta duk ta huje, har na ware ta zan kai bola. Inna ta karɓe.

"Ƙasa ba ta cin irin wannan zaren. Ki zubar yau, baɗi fartanya ta tono miki shi."

Muka zauna a inuwar rumbu, ina warwarewa tana naɗewa. Muka haɗa da farin zarena muka kai wa wata ƙawarta da ke saƙa a Kahu. Matar ta jujjuya ƙullin biyu ta ce, "Na kanti da na gida a masaƙa ɗaya? To, bari mu gani ko za su yi zaman lafiya."

Suka kuwa yi. Majanyin ya fito da kauri, fari tas, da ratsin ja a baki biyu.

A Rano na haihu, mace. Ranar da na dawo bayan arba'in, ko mayafi ban cire ba Inna ta karɓe ta, ta goya, ta ɗaure da majanyin ta fice. Gida-gida ta bi unguwa. Ina jiyo muryarta ta kan katanga tana cewa, "Ku taɓa ku ji, uwarta ce ta kaɗa!" Sai da yarinyar ta fara kukan yunwa sannan suka dawo.