Malam Suhaibu Gwadabe da Layin da Bai Iso Maje Ba

Ranar Alhamis, 12 ga Maris 1998, da hantsi, Allah Ya yi wa Malam Suhaibu Gwadabe rasuwa a gidansa da ke unguwar Hashimi, bayan jinyar kwana shida. An yi jana'izarsa bayan azahar. Shekararsa arba'in da huɗu.

Malam, shekara bakwai kana bin gonakin Maje kana auna ciwon da ke ruɓar da doya a ƙasa. Manomin da ya kawo maka ruɓaɓɓiyar doya, ko Bagwari ne ko Bahaushe, sai ka ba shi kujera ka tambaye shi shekarar da abin ya fara. Da na zo neman labari don jarida, wuni guda ka yi kana nuna mini yadda kwamfutar ƙaramar tasharku ta binciken noma ke kiran Legas ta wayar tarho, ta kwaso wasiƙun masana daga Holan da Kenya. Shafi guda kan ɗauki minti goma, in layi bai yanke ba.

Bara masanan suka rubuto cewa za su haɗa tashoshi shida na Afirka da layi mai sauri ta tauraron ɗan'adam, kyauta, domin a riƙa musayar sakamakon bincike a rana ɗaya. Amsa kawai suke so cikin mako biyu. Ka rubuta ta a ranar.

Amma dokar tasharku ita ce, duk saƙon da zai fita ƙasar waje sai an buga shi a takarda, an sa a fayil, masinja ya kai wa Darakta ya sa hannu. Darakta yana Abuja wajen taro. Fayil ya yi kwana goma sha tara a kan teburinsa. Abokiyar aikinka, Madam Olufunke, ta ce ka aika kawai, ai ba wanda zai sani. Ka ce mata, "Madam, ni zan sani." Da sa hannun Darakta ya samu, an riga an ba wata ƙasa gurbin.

Ban taɓa jin ka zagi kowa a kan wannan ba. Ni ne nake jin haushin, har yau.

An sake buɗe gurbi guda, kuma ranar 31 ga wannan watan za a rufe. Madam Olufunke ta kammala takardar neman gurbin da sakamakon bincikenka. Ina roƙon Darakta, wanda na gani a sahun gaba wajen sallar gawarka, ya sa hannu kafin ya sake yin tafiya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Malama Sailuba da yara, Musaddiq da Nana, da manoman Maje, waɗanda za su sake shuka doya bana ba tare da sun san abin da ke cinye ta ba. Allah Ya ba su haƙuri, amin.