Babban Yatsan Sada Marini

Rubuta labarin nan da zan ba ki da kyau, Raliya. Sada marini abokina ne, a nan Turaki aka haife shi. Tun yana yaro hannunsa ke cikin baba, har shuɗin ya ƙi fita ko da sabulu.

Ranar zaɓen ciyaman da kansiloli ya yi sammako, don akwai ɗan takarar da ya yi alkawarin gyara kwatar da ke cika masa marina duk damina. Da layi ya zo kansa, yarinyar da ke shafa tawada ta dubi babban yatsansa ta ce, "Baba, ai ka riga ka yi zaɓe."

Sada ya baje yatsunsa duka ya ce, "To, 'yata, ashe sau goma na yi!"

Alisabatu mai kunu ta ɗaga murya daga baya, "Ku duba ƙafa nashi ma, ya yi zaɓe da shi!"

Yarinyar ta yi dariya, ta ba shi takarda ya dangwala. Aka rasa farcen da tawada za ta fito, sai aka shafa masa a kunne. Haka ya wuni yana nuna wa kowa kunnen nan.