Kwamfutar Kallo a Ɗakin Yaya

Shekarar da mijin Yaya ya rasu, dawa ta yi tsawon da ban taɓa gani ba. Idan na taso daga Kankia a kan babur, na wuce Kusada na saki babbar hanya, sai turbar ƙauyensu ta zama kamar lungu, kara dama, kara hagu, ba ka ganin mai zuwa sai kun yi kiciɓis. Ƙauyen yana gaba da Mawashi kaɗan. A da, tsawon dawa abin murna ne. Amma a lokacin labarin ɓarayin daji ya fara matsowa daga yamma, kowa ya koyi waiwaye.

Yaya ce ta goye ni, don ni ne autan ɗakinmu. Da ta fita takaba sai na lura gidan ya yi mata faɗi. 'Ya'yanta mata suna gidajen mazajensu, namijin yana kudu wurin nema. Marigayin ya bar ƙaramin talabijin wanda ba ya kama komai sai yayyafi, da farantin sola ɗaya a kan rufi, da batirin da ba ya jure wahala. Ni kuwa kwamfuta nake koyarwa a wata makaranta, sai na yi niyyar haɗa mata abin kallo da batirin zai iya ɗauka.

Na samo wata 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ba ta da fanka, ba ta ƙara, wutar da take sha ba ta wuce ta cajin waya ba. Manhajar da ke tuƙa ta ta kyauta ce, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Na sauke ta a Kankia na zuba a memori, na cika babban filas da karatun Alƙur'ani da tafsiri da fina-finan Hausa. Ba layin waya a cikinta, ba intanet. Abin da na zuba, shi kaɗai take nunawa.

Haɗa ta da tsohon talabijin ɗin ne ya ba ni wuya. Hoto ya zo ya fi ƙarfin gilashin, kawunan mutane a yanke. Na gyara wannan, sauti ya ƙi fita. Dole na jona kibod na shiga baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni a rubuce, fararen haruffa suna gudu sama. Saboda zafin ɗaki na fito da kayan zaure, ina aiki ƙofa a buɗe, masu wucewa gona suna yi mini sannu. Wasu kan ɗan tsaya su leƙa. Ban kawo komai a raina ba.

Ranar da komai ya daidaita, na koya wa Yaya maɓallan rimot. Ta danna, muryar mai karatu ta cika ɗakin. Sai ta ce, "Auta, Allah shi yi maka albarka."

Kafin wata ya zagayo ɗakinta ya zama wurin taruwar matan maƙwabta bayan azahar. Cikinsu har da wata Bafillatana mai tallan nono, daga rugar da ke bayan rafi. Ta yi shekaru tana kawo wa Yaya nono da man shanu, suna kiran juna ƙawa. Na taɓa tarar da ita ta sauke ƙwarya a bakin ƙofa, tana dariya har da riƙe ciki, tana yi wa wani ɗan wasa faɗa kamar yana jin ta.

Sai aka kore shanun noma a wani ƙauye da ke kusa. Ba a harbi kowa ba, amma ɓarayin sun nufi gidajen masu shanu kai tsaye, ba su yi kuskuren ƙofa ko ɗaya ba. Daga nan kalmar infoma ta shiga bakin kowa, wato na gida mai kai wa ɓarayi rahoto.

Asabar ɗin da ta biyo baya na tarar an gitta gungume a bakin ƙauyen, 'yan sintiri suna zaune da bindigogin toka. Shugabansu abokin karatuna ne na firamare, wanda bai taɓa kirana da komai ba sai sunan tsokana na yarinta. Ran nan ya ce, "Malam, sannu da zuwa." Bai miƙo hannu ba.

Na sami Yaya ita kaɗai, talabijin a rufe da zane.

"Ina 'yan kallo?" na tambaya.

"Mazansu sun hana su." Ta rage murya. "An ce abin nan naka yana ƙyafta ido ko ba a kallo. An ce an gan ka kana rubuta saƙo a baƙin allo."

Na duba 'yar kwamfutar. Gaskiya ne, akwai ɗan jan haske da ɗan kore a gefenta, koren yana ƙyaftawa. Na buɗe baki zan yi bayani ke nan aka yi sallama a zaure. Mai unguwa yana kirana, kuma in taho da kayan.

Na ɗauki talabijin da kwamfutar, wani ɗan sintiri ya ɗauki batir, muka ratsa ƙauyen rana tsaka. Mutanen da suka san ni tun ina rarrafe suna tsaye a ƙofofinsu. Suka bi mu da kallo.

Zauren mai unguwa ya cika har waje. Na durƙusa na yi gaisuwa. Dattijo ne mai sanyin magana, abokin marigayi mahaifinmu.

"Ɗana, ba tuhumarka muke ba," ya ce. "Hankalin jama'a ne ya tashi. Nuna muna wanga abu."

"To, ranka shi daɗe."

Na jona wayoyi na kunna. Maimakon hotunan fina-finai su fito, sai baƙin allon ya bayyana, fararen haruffa suka yi ta gudu, suka tsaya cak. Girgizar hanya ta sa filas ɗin ya saki, kwamfutar ta neme shi ta rasa, tana jiran umarni. Na tura filas ɗin, na jawo kibod. Yatsuna da suka saba wannan aiki suka riƙa kuskuren haruffa.

"Wa kake rubuta mawa?" in ji shugaban 'yan sintiri. Yana tsaye a kaina, ina jin warin toka da man bindiga.

"Ita kwamfutar nake gaya wa inda za ta sami fina-finan."

"Wane kamfani ya yi abin da ke cikinta?"

Na faɗi gaskiya kamar yadda nake faɗa wa ɗalibaina. Na ce ba kamfani ɗaya ba ne, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bayar kyauta, kowa na iya dubawa ya ga ba a ɓoye komai ba.

"Ka san su?"

"A'a."

"Ba ka san su ba, ba su san ka ba, suka ba ka kyauta." Ya juya ya dubi jama'a. "Don Allah mi suke so?"

Wani ya yi tsaki a baya. A cikin zauren nan ba mai iya duba abin da na ce kowa na iya dubawa, sai ni da ake zargi.

Hoton ya dawo. Na danna abin da ya fara zuwa hannuna, wani fim na barkwanci. Ɗan wasan ya faɗa cikin kwata, ya tashi yana zage-zage. Ba wanda ya yi dariya. Na buɗe bayan kwamfutar na miƙa wa mai gyaran waya na ƙauyen, ya jujjuya ta, ya leƙa kowane rami, ya ce shi dai bai ga wurin sa layi ba.

Mai unguwa ya yi ajiyar zuciya. "To, kun ji. Ɗana, kwashe kayanka."

Na fara naɗe wayoyi. Sai shugaban 'yan sintiri ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Su wa ke zuwa kallon?"

"Matan maƙwabta ne."

"Da Bafillatanar nan mai nono," wata murya ta ce daga waje. "Kullum tana ciki. Gida-gida take shiga."

Sai na ga idanun da suka yini a kaina sun tashi, suna duban juna. Na ce, "Ranka shi daɗe, wannan baiwar Allah kallo kawai take yi, kowa ya san ta." Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce an gama magana, a tashi a yi la'asar.

Da na gaya wa Yaya, mayafinta kawai ta jawo, za ta wurin ƙawarta a ruga. Na ce ta bari in raka ta, ta ce ganina tare da ita zai ƙara ɓata abin. Ita kaɗai ta bi ta cikin dawa zuwa rafi, ni kuma na zauna a zaure ina kallon hanyar har ta dawo, ƙafafunta duk laka.

"Na gaya mata kada ta shigo gari kwanan nan," ta ce. "Ta tambaye ni mi ta yi."

Zuwana na gaba, an janye gungumen tun kafin in tsaya, abokin nawa shugaban 'yan sintiri har da ɗaga mini hannu yana kiran tsohon sunan tsokana. Yaya ta ce mutanen rugar sun tashi. Ba a kore su ba, ba a taɓa kowa ba, an dai daina sayen nononsu, an daina amsa sallamarsu, sai wata safiya aka ga bukkokin babu kowa. Ba wanda ya san inda suka nufa. Ɓarayin shanun kuwa ba a taɓa gano mai kai musu rahoto ba.

Matan maƙwabta sun dawo kallo da kaka. Yaya takan kunna musu, ta miƙa wa ɗaya rimot, ita kuma ta ɗauki tabarma ta fita tsakar gida ta zauna tana tsince wake.