Ƙwallon da Ba Ta Shiga Ba

Ni ba mai ilimi ba ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya gano. Bokona a aji huɗu ya tsaya, shi ma malaminmu ne ya gaji da ni ya ce in je in taya babana ɗinki. Amma ido kam, alhamdulillahi, har gobe ina zura zare a allura ba tabarau, ga shi na fi shekara talatin a kan keken ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Bagdadiyya, nan ƙasar Larabawa. Da idon nan na taimaki mutum, da shi kuma na kayar da shi.

Mutumin Bakano ne, ni kuwa Bazazzagi. Kowa ya san abin da ke tsakaninmu da Kanawa tun kakanni: in an haɗu sai an tsokani juna, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba a fushi, kuma wanda ya yi shiru shi aka ci. Ranar da ya fara shigowa shagona da wando a hannu, yana jin maganata ya ce, "Subhanallahi, har nan bayinmu suka iso? Wa ya ba ka biza?"

Na ce, "Wanda ya ba ka wandon nan. Kawo in gani, bawana, ko na marigayi ne."

Daga nan muka ƙulla.

Wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ce ta ɗauko shi daga gida, mai tsaron baya, lamba biyar. Dogo, baƙi, ƙirji kamar ƙofar gareji. Na je kallonsa sau da yawa, kuma tunda ba ya nan balle ya ji, zan faɗi gaskiya: ya iya. Ba ya gudun banza. Sai ya tsaya yana kallon ƙugun ɗan gaba, ba ƙafarsa ba, ya ce ƙafa tana ƙarya amma ƙugu ba ya yi. A gabansa kuwa ban taɓa cewa ya iya ba. Nakan ce girman jiki ne kawai, ko buhun shinkafa aka ajiye a wurin zai tare.

Bai cika kakar wasa uku ba gwiwarsa ta hagu ta tafi. Aka yi aiki, aka sake, ba ta dawo ba. Ya ji kunyar komawa Kano da sanda, sai wani kafili, wato mai tsaya wa baƙo a ƙasar nan, ya karɓe shi ya sa shi gadin ƙofar wani sito a unguwar Khumra, yana buɗe wa manyan motoci suna shiga suna fita. A nan ya tsufa. Iyalinsa na gida, iƙamarsa, takardar izinin zama, na hannun mai siton.

A bayan sitocin nan akwai wani fili mai yashi, inda leburori ke buga ƙwallo ran Juma'a bayan la'asar. Tiraku na bututun ruwa ne, wani ɗan Chadi ya yi musu walda. Mutumina ya fara zuwa yana zama a kan taya yana yi wa 'yan wasa tsiya da ƙarfi, har wata rana wani ya miƙa masa makirfo ya ce, "Baba, tunda ba za ka yi shiru ba, yi yadda kowa zai ji." Ashe abin da aka haife shi dominsa ke nan, ƙwallon ma hanya ce.

"Lamba bakwai ya karɓa! Ya duba hagu, ya duba dama, ya tuna bai ci abincin rana ba, ya mayar baya! Ya Allah, wannan a gidansu ma haka yake yi wa tuwo?"

Mutane suka riƙa zuwa har daga unguwar Madain Fahd da motocin haya, ba don wasan ba. Daga baya aka kafa waya a kan sanda ana watsa muryarsa kai tsaye, waɗanda ke bakin aiki suna ji, har a Maraɗi da Injamena ana ji. In aka ci, yana da wani ihu da yake ja, dogo, har sai numfashinsa ya kusa ƙarewa, sannan ya zayyana yadda aka yi cin tiryan-tiryan, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Na taɓa ce masa ihun ya yi kama da na jakin da aka taka wa wutsiya. Ya ce ai a Zariya ya koya.

Wata ranar Talata ya shigo shagona da hantsi, ya tsaya a gaban wata farar jallabiya da na rataye, ya ce mata, "Salamu alaikum, ya hajj." Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga ya tsaya yana jiran amsa.

Na ja shi na zaunar. Na ce, "Tun yaushe?"

Can ya ce ciwon suga ne, likita ya ce jijiyoyin idon ne suka lalace, ba yanar ido ba ce balle a kankare. Yana ganin haske da inuwa, shi ke nan. A ƙofar sito da hon yake gane direbobi. A fili kuwa, makonni ke nan yana sharhi da kunne da kuma sanin halin kowane ɗan wasa, amma ya fara kuskure.

"In mudir ya sani, halas, tawa ta ƙare," in ji shi, yana nufin shugaban siton. "Ba wanda zai sabunta wa makaho iƙama. Kuma makirfon nan, bawana, shi kaɗai ya rage mini."

Na ce, "To me kake so Zazzau ta yi maka?"

Ya ce, "Aron ido."

Ga yadda muka tsara. Ya sayi baƙin tabarau, ya ce wa mutane rana ce ke damunsa. Ni kuma na samo wata babbar laima, nakan zauna a hagunsa in riƙe mana, in karkato ta yadda ba a ganin bakina. Aikina kalma biyu ko uku ne a kunnensa: "Tara, dama." "Huɗu ya faɗi." "Kwana." "Ta shiga." Sauran duk shi ke ginawa, don ya san yadda lamba tara ke juyawa da yadda lamba huɗu ke faɗuwa fiye da uwayensu. Ni ke ba shi ƙyalle, shi ke ɗinka riga.

Mun fi shekara a haka ba wanda ya gane. Da mutane suka tambayi dalilin laimar, sai ya amsa a makirfo: "Jama'a, wanda kuke gani a gefena bawana ne daga Zazzau, na gaje shi. Aikinsa riƙe laima, don abin da kansa zai iya ɗauka ke nan." Aka yi ta dariya. Ni kuma ba halin ramawa, bakina na kan aiki. Kowace Juma'a sai ya saka ni a sharhi. Ya ce na ɗinka wa wani Balarabe riga mai hannu uku. Ya ce a aji huɗu aka kore ni don na cinye allin malam. Har yaran shagon maƙwabta suka fara kirana Hannu Uku.

Ina so a fahimce ni, ba wanke kaina nake ba. Ban ji haushi ba ko kaɗan. Amma a wasanmu wanda aka tsokana bai rama ba ya zama bawan gaske, kuma ni shekara guda ana ci na a gaban duniya. Sai na riƙa cewa a raina, wata rana zan ɗan ɗana masa, kaɗan, mu yi dariya a hanyar gida.

Ranar, 'yan Khumra ne da 'yan Madain Fahd, an cika. Ana cikin wasa sai wata motar ruwa ta yi baya-baya ta shigo gefen fili, direban bai lura ba. Alƙalin wasa ya hura usur ya ɗauki ƙwallo a hannu, 'yan kallo suka tashi da ihu suna kora motar. Daidai lokacin mutumina ya gama cewa Zazzagawa da cokali suke shan fura. Na ji ihun, na ji usur, shaiɗan ya ce mini ga dama. Na sunkuya na ce, "Tara. Ta shiga."

Wallahi na ɗauka zai gane. Na ɗauka zai ji ihun ba na ci ba ne, ya taka mini ƙafa ya ce Allah ya shirye ka. Na manta cewa shekara guda ban taɓa gaya masa abin da ba haka ba.

Ya miƙe tsaye a kan gurguwar gwiwar nan. Ya ja ihunsa, mafi tsawo da na taɓa ji. Sannan ya fara ba da shaida: yadda lamba tara ya tare ta da ƙirji, ya sauke, ya yaudari mai tsaron baya da ƙugu, ya narka ta da hagu can ƙasan kusurwa, gola ya tafi neman ta a wani gari. Ina jan rigarsa, yana ture hannuna. Lamba tara kuwa na zaune a kan yashi yana ɗaure takalmi, ya ɗago yana kallonmu baki buɗe.

Da ya gama, filin ya yi tsit. Injin motar ruwan kaɗai ake ji. Sai wani dattijo ɗan Nijar da ke gabanmu ya juyo a hankali ya ce, "Alhaji, balan ɗin fa tana hannun alƙali."

Ya tsaya a yadda yake. Yana iya cewa wasa yake yi, da wasu sun yarda. Yana iya cewa ga wanda ya yaudare shi. Sai ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya fuskanci inda yake jin mutane.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Na daɗe ban ga ƙwallo ba. Idon da kuke ji da shi duk shekarar nan na bawan nan nawa ne." Sannan ya ƙara da muryar sharhi, "Sakamakon wasa: Zazzau ɗaya, Kano ba ko ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya. Ya lalubo hannuna ya sa mini makirfon, ya ce a hankali, "Yalla, kai ni gida."

Wayar nan ta kan sanda kuwa tana ta aikinta. Kafin wata Juma'ar, guntun maganar ya zaga ko'ina, waɗanda ba su san shi ba suna tura wa juna suna dariyar tsohon da ya ga cin da ba a yi ba. Ya isa wayar mudir. Mudir ba mugu ba ne, har kuka aka ce ya yi, amma ya ce ba zai iya barin wanda ba ya gani a ƙofar da tirela ke shiga ba. Da iƙamar ta zo ƙarewa aka buga masa bizar fita ta ƙarshe, ba dawowa.

Na je ɗakinsa na taya shi ɗaure kaya. Na shirya magana tun daga Bagdadiyya, ina buɗe baki ya ce, "In haƙuri za ka ba ni, fita. Ci ne mai kyau. Ni ma da na samu irinsa da na buga." Ya ba ni tsohuwar rigarsa mai lamba biyar ya ce in rage ta ta zama daidai ni, ko da yake sai an cire rabi. A filin jirgi na riƙe masa gwiwar hannu har inda aka hana ni wucewa, wani ma'aikaci ya karɓe shi. Bai waiwayo ba. Me zai waiwayo ya gani?

Yanzu ran Juma'a bayan la'asar nakan je filin da laimata in kira shi a waya. Wani ne ke riƙe da makirfo, yana ƙoƙari. Ni kuma ina faɗa wa mutumina yadda muka saba, tara dama, huɗu ya faɗi, shi yana zaune a ƙofar gida a Kano yana gina sauran don kansa da duk wanda ya tsaya. Ban ƙara gaya masa abin da ba haka ba, ko na kwana ɗaya. Ban ƙara ce masa bawa ba. Alhaji nake cewa, ina tambayar jiki da iyali.

Makon jiya, ana hutun rabin lokaci, ya ce, "Kai, tsaya. Wata nawa ke nan kana ce mini Alhaji?"

Na ce, "Ai girmanka ne."

Ya ce, "Nan gidan kowa lallaɓa ni yake. A kawo ruwa, a kawo matashi, sannu Baba, a hankali Baba. Na ɗauka akwai mutum ɗaya a duniya da bai mayar da ni makaho ba. Tsokane ni mana, ɗan Zazzau."

Na nemi magana na rasa. Ni da bakina bai taɓa mutuwa a gaban Bakano ba. Na kalli yashin, na kalli tirakun bututu. Da ƙyar na ce, "To ai kai, bawana, ko lokacin da kake da idon ba ka taɓa tare ƙwallo ba. Buhun shinkafa ya fi ka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ina ji wata na cewa sannu Baba, yana cewa ta rabu da shi. Ni kuma na karkato laimar yadda na saba, don kada a ga fuskata.

Aka hura usur. Ya ce, "Wa ke da ita?"

Na ce, "Tara."